Na sayi gida a Garwa, fotokopi kawai ke hannuna

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Wata 7 ke nan da na sayi gida a Marware, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, da kuɗin gadona, miliyan 9 na sefa. Gaban jauro, wato mai unguwa, aka yi ciniki da shaidu huɗu, aka rubuta takardar sayarwa kowa ya sa hannu. Mai gidan ya ba ni fotokopin titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, wai na asalin ruwa ya tafi da shi a ambaliyar 2012. Ina zan samu kwafi mai hatimi, kuma da sunana? Maigidana direba ne, kullum yana hanyar Ngaundare zuwa Injamena, ni kaɗai ke faɗi-tashin.

Sani Mai Taya:
Wa'alaikis salam Hajiya. Ki je komisariya, ofishin 'yan sanda, ki ce takarda ta ɓata, su ba ki shaida, ki kai ofishin filaye. Shi ke nan.

Baba Alhaji na Yelwa:
Sani, da sauƙinsa ya kai haka da kowa ya kwashi gidan maƙwabcinsa. 'Yata, ba kwafi ne matsalarki ba. A idon gwamnati gidan bai zama naki ba tukuna. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta ce fili mai titir, in ba gaban notar (jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki) aka sayar da shi ba, cinikin bai ƙullu ba. Takardar jauro shaida ce cewa kin ba da kuɗi, ki adana ta sosai, amma ba ta sauya suna a littafin gwamnati.

Ki duba lambar titir a fotokopin nan, ki tafi da ita ofishin rajistar filaye na Binuwai, gundumar da Garwa take ciki, ki nemi takardar shaidar mallaka, wadda suke kira sartifika da piropiriyete. Ita za ta faɗa miki sunan wanda ke kan gidan yau, da ko an jinginar da shi a banki. Kafin ki ga wannan takarda kada ki ƙara wa kowa ko dala.

Hajiya Asabe:
Gaskiyar Baba ne. Ni wannan "ruwa ya tafi da shi" ne bai kwanta mini ba. An yi ambaliya a 2012, ba wanda ya musa, amma shekara nawa ke nan mutum bai nemi wata ba? Ƙanena ya sayi fili a Marwa aka ce masa gara ta cinye takarda, ashe tana akwatin wani ɗan kasuwa da ke bin mai filin bashi. Irin wannan jingina ta bayan fage ba ta fitowa a rajista.

Malam Buba, tsohon akawun notar:
Bari in ƙara a kan na Alhaji. Littafin asali yana ofishin filaye, ruwa bai taɓa shi ba. Abin da mai gida ke riƙewa shi ne diplikata, wato kwafin da hukuma ta ba shi. In ta ɓata, dokar 27 ga Afrilu 1976 ba ta yarda a ba da sabuwa ba sai da umarnin shugaban kotun wurin da gidan yake, kuma wanda sunansa ke kan titir ne zai nema, ba ke ba. Umarnin yana kashe tsohuwar ko a hannun wa take, don haka tsoron Hajiya Asabe ma ya sami magani.

Bayan nan ku je wurin notar ke da shi, a sake rubuta cinikin, a biya harajin rajista, notar ya kai takardun a sauya suna. In gidan wani yanki ne na babban titir, sai 'yan kadastir, masu awon filaye na gwamnati, sun auna sun yanka miki naki, wannan ya fi cin lokaci. Notar yana ajiye asalin takardar ciniki a ofishinsa, ko bayan shekaru kina iya komawa ya ba ki kwafi mai hatimi. Kowane kuɗi kika biya ki karɓi rasit. Kuma ki lallaɓa mai gidan, kada ki fara da faɗa, sa hannunsa kike bukata har sau biyu.

Maman Hanifa:
Allah Ya saka da alheri. Baba, na ɗauko fotokopin yanzu na duba da kyau. Sunan da ke kai ba na wanda ya sayar mini ba ne, na mahaifinsa ne, kuma ya rasu da daɗewa.

Baba Alhaji na Yelwa:
Innalillahi. To gidan gado ne, 'yata. Sai an kawo hukuncin kotu da ya lissafa magada, kuma su amince da sayarwar gaban notar. Su nawa ne 'ya'yan marigayin?

Maman Hanifa:
Na san biyar. Jauro ya ce akwai mace ɗaya da ke aure a Yola, ban sani ba ko ta ma ji an sayar.