Muhawara: Zumuncin Najeriya da Nijar ya mutu a 2023, ko da sauransa?

Ɗan Illela: Assalamu alaikum. Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri, amma ni a ganina maganar Ɗanjuma da Ɗanjummai ta ƙare tun watan Agustan 2023. Sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli, ko mako ba a rufa ba ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka garƙame iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Mu da ke bakin boda mun ga albasa ta ruɓe a cikin motoci. Abin da ya rage yanzu ciniki ne kawai.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka yi wa zance gajeren awo. A Maratta aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, yau tana cikin Nijar. Sarakunan Katsina da jihadi ya tayar, Maraɗi suka kafa, har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa. Gobirawa suna Tsibiri, suna Sabon Birni. Iyakar nan mai kusan kilomita 1,500 Ingila da Faransa suka shata ta, sun kuwa tarar da mutanen nan tare.

Ɗan Illela: Malam, duk na yarda, amma wannan zumuncin talakawa ne. Ni gwamnatoci nake nufi.

Malamin Tarihi: To gwamnatocin ma. Lokacin yaƙin Biyafara, Faransa ta karkata ga 'yan aware, amma shugaban Nijar Diori Hamani ya tsaya bayan Gowon, alhali ƙasarsa da Faransa ta dogara. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta ƙasashen biyu, hedikwatarta na Yamai, ba a rushe ta ba.

'Yar Maraɗi: Malam, Allah shi ƙara sani, amma ku bar ni in faɗi abin da ke ranmu. Rufe iyaka bai ƙona mana rai kamar yanke wuta ba, don ko Buhari ya rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, muka jure. Wuta kuwa a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari daga Najeriya muke samunta, kuma saye muke yi. Iyayenmu sun san fahimtar da ke tsakani: Nijar ba za ta tare kogin Kwara daga sama ba, don dam ɗin Kainji ya samu ruwa, Najeriya kuma ta ba mu wuta. Dare ɗaya aka kashe. Asibitoci suka koma kan janareto, magani ya yi tsada, ga barazanar turo mana soja. Yanzu duk wanda ya ce a gaggauta gama dam ɗin Kandaji da Nijar ke ginawa a kan kogin, wa zai ce masa bai yi gaskiya ba?

Ɗan Illela: Kun ji ko? Maganata ke nan.

'Yar Maraɗi: A'a yayana, ban ce ya mutu ba. Na ce an ci amana. Ba don muna ɗaukar ku 'yan'uwa ba, da abin bai yi mana zafi haka ba.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, kin yi gaskiya, yanke wutar nan kuskure ne babba, ban taɓa kare shi ba. Sai dai ku tambayi kanku me ya hana yaƙin. Sanatocin Arewa suka fito suka ce jihohi bakwai ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, ba za su yarda a harbi dangi ba. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi. Sanusi Lamiɗo Sanusi ya je Yamai tare da Sarkin Damagaram ya ga Janar Tiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki, a lokacin da wakilan ECOWAS suka kasa ganinsa. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka bi baya. Waɗannan su suka kashe wutar fitinar, gwamnati kuma ta saurare su. Da Ɗan Illela ke raba zumuncin talakawa da na gwamnati, ni a nan na ga na talakawa ya ja wa gwamnati birki.

Bazazzagi: Baba, a gafarce ni, laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, an buɗe iyaka an maido da wuta a Maris. Duk da haka Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. A Disamban 2024 Tiani ya fito a talabijin da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro Nuhu Ribaɗu ya musanta. A Maris 2025 kuma suka janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Wa ya ci ribar wannan in ba Boko Haram da Lakurawa ba?

'Yar Maraɗi: Wanda aka yi wa barazanar yaƙi ba ya saurin sakin jiki. Amma janyewar nan ni ma ban so ta ba, mutanen Diffa ne za su sha wahala.

Malamin Tarihi: Ku ƙara da wannan: a Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, kuma Hukumar nan ta 1971 suka ce za su farfaɗo.

Ɗan Illela: Ziyarar minista ba ta cika mini ido. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, tun Fabrairun 2021 aka aza harsashinsa. Ranar da jirgi ya ɗauki kaya daga Kano ya sauke a Maraɗi, zan janye maganata a gaban kowa.

Baba Mai Ritaya: Ni abin da nake so ya riga jirgin shi ne a rubuta a sa hannu cewa duk saɓanin da za a yi nan gaba, ba za a taɓa wuta da magani da abinci ba.

'Yar Maraɗi: Wannan in aka sa masa hannu, Baba, ni ce ta farko da za ta ce an gyara.