Neman shawara: yanyawa ta ƙi tsayawa in ɗauke ta hoto

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai hoton biki ne a Gumel, amma bana na ƙudurta tara hotunan yanyawa, don sha'awa kawai. Akwai ramukansu bayan gonarmu, ta hanyar Maigatari. Sati uku ke nan ina zuwa bayan azahar, ban da sawu a rairayi ba abin da nake samu. Sau ɗaya na hangi guda, kafin in ɗaga kyamara sai baƙin bakin jelarta na gani, ta faɗa rami. Abokina ya ce in riƙa ajiye kan kaza a bakin ramin. In yi?

Baban Ummi: Wa'alaikumussalam. Ɗana, ai ba ka san lokacinta ba ne. Yanyawa da dare take kiwo, ɓera da fara da 'ya'yan itace, da rana kuwa tana can ƙasa ta ɓuya wa zafi. Sallame asuba ka tafi, ko ka zauna gab da magariba. Sannan ka kula da iska, ta riƙa busowa daga ramin zuwa inda kake. In ta kai mata warinka, ko kwana za ka yi ba ta leƙowa. Wannan turaren naku na samari ma a bar shi a gida.

Maman Khalifa: Don Allah ƙanina kada ka sa kan kaza. Ranar da ta saba, akurkin mutane za ta nufa, ƙarshenta a ɗana mata tarko. Karnukan gari ma za su bi warin har ramin.

Ɗan Babura: Ka tabbata dai ba dila ba ne? Yanyawa ba ta fi kyanwa ba sosai, ga manyan kunnuwa, launinta kamar rairayi. In ita ce, nemi gilashin kyamara mai jawo nesa, ko da na milimita 300 ne, ka kafa kyamara a kan ƙafa uku. Kashe filasha, ka kashe ƙarar ɗauka. Ka naɗe ta da tsumma saboda ƙurar hunturu.

Baban Ummi: Na manta, fara gaida mai unguwa ka faɗa masa. Mutum kwance a jeji da duku-duku riƙe da baƙin ƙarfe, ba kowa zai ce hoto yake ɗauka ba.

Mai tambaya: Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Kan kaza kuma ya koma tukunya. Ɗan Babura, ko za ka ara mini gilashin naka zuwa Juma'a?