Zaren ɗinki na leƙowa bayan aikin rage nono, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman likitoci da ma'aikatan jinya. Yau wata huɗu ke nan da aka yi mini aikin rage nono a Alƙahira, bayan na sha fama da ciwon baya da kafaɗu. Alhamdu lillahi nauyin ya tafi, amma ɗinkin ya hana ni sakat.

A ƙasan nonon hagu, daidai inda layin ɗinki na tsaye ya haɗu da na kwance, wani ɗan ƙurji ya fito kamar ƙwayar gero. Da ya fashe sai ga kan zare shuɗi, mai tauri kamar na fatsa. Yana kama rigar mama, wurin kullum a jiƙe da ruwa-ruwa, amma babu wari, babu zazzaɓi.

A takardar sallama an rubuta sunayen zaren ɗinki iri biyu, Monocryl da Prolene. Na farkon yana narkewa cikin wata 3 zuwa 4, shi kuwa Prolene ba ya narkewa sam, kuma ba wanda ya faɗa mini haka kafin aiki. Sau biyu ina tura wa likitan hoto, shiru kake ji.

Shin idan likitan fiɗa a nan Kano ya cire zaren, nonon zai sake zubewa? Ko a yanke kan kawai? Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jikina na yin tabo mai tudu, hujin kunnena ma sai da ya yi gudaji. Don Allah wadda ta taɓa shiga wannan hali ta faɗa mini yadda aka yi mata.