Ta bakin wa zan ba da labarin fitar Makau daga Zazzau?

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Na kammala littafina na biyu, kuma bayan sallah nake son fara na uku: ƙagaggen labari a kan ranar da Malam Musa ya shigo Zazzau da tutar Shehu, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa har Zuba. Idan Allah ya ara mini rai, bayansa sai basasar Kano ta 1893, sannan Rabeh.

Ga inda na maƙale. Ni fa sarakunan yaƙi ba sa burge ni yadda suke burge mutane. Napoleon da ake ta zuzutawa, yunwa da sanyi suka cinye masa runduna a Rasha a 1812. Mu ma nan, hatsi da ruwa da lafiyar doki su ke yanke hukunci kafin a zare takobi. Shi ya sa nake son yaron da ke yi wa dokin wani barde ciyawa ya zama mai ba da labarin. To amma abokina ya ce ba mai sayen littafin yaƙi don ya ji labarin ɗan yankan ciyawa. Ina kuma tsoron taɓa gidajen sarauta. Ku ba ni shawara.

Dattijon Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Ɗana, tsoron naka yana kan hanya. Mallawa jikokin Malam Musa ne, Barebari na Yamusa, Katsinawa na Abdulkarimu, ga Sulluɓawa, kuma duk da su kake sallar Juma'a. Jikokin Makau da 'yan uwansa suna Suleja. Kada ka sa wa mutum na gaskiya magana a baki wadda bai faɗa ba. Yaron dokin nan shi ne mafitarka: ya hango sarki daga nesa, ya ji tambari, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Kuma ka je ka gaida manya kafin ka fara, ba bayan littafi ya fito ba.

Malamar Tarihi, Samaru: Yayana, ka fara da shekara. Za ka tarar wasu sun rubuta 1804, wasu 1808, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ni 1808 nake koyarwa, shekarar da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Sai bindiga. Don Allah kada ka cika filin daga da ita kamar fim. Yaƙin farkon ƙarnin na kibiya ne da mashi da takobi, da 'yan lifida a gaba. Lifidi auduga ce aka ɗinke cikin ƙyalle, ya rufe doki da mahayi, nauyi gare shi da zafi, in mutum ya faɗo da ƙyar yake tashi. Yaronka shi zai shanya shi, shi zai san warin gumin da ke jikinsa. Bindiga ka ajiye ta sai littafin Rabeh, wanda ya rushe Kukawa a 1893, ya zauna Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusseri a 1900. Ka leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ka kuma ba Arewa House a Kaduna ko da mako guda.

Ɗan Tudun Wada: Ni dai ban yarda da raina kwamandoji ba, malam. A Tabkin Kwatto a 1804 mutanen Shehu dawakinsu kaɗan ne, yawanci 'yan baka, suka kori rundunar Yunfa, Sarkin Gobir, mai dawakai. Hatsi ne ya yi wannan? Kuma in kana neman sarkin yaƙi mai zuciya biyu, ga Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya bar runduna don ganin son duniya ya shigo, ya nufi Makka, Kanawa suka tsayar da shi. Wannan ai shi kaɗai littafi ne.

Mai tambaya: Ka kama ni a Kwatto, na yarda. Amma a Tsuntsuwa, cikin shekarar dai, ai an sha kashi, yunwa da cuta na cin sansani. Kwamandojin ba su canza ba.

Uwar Biyu, Sabon Gari: Duk kuna ta doki da takobi. Wa ya ɗauki tukunya da goyo daga Zazzau zuwa Zuba? Shekara nawa mutanen nan suna yawo kafin Abu Ja, ƙanin Makau, ya kafa garin da yanzu ake kira Suleja a 1828? Ka ba yaron nan uwa ko yaya. Mu mata ne ke sayen littafi, abokinka bai gaya maka wannan ba?

Mai tambaya: Bai gaya mini ba, Hajiya! Zan ba shi yaya, mai daka wa sansani gero. Baba, wane gida ya kamata in fara sallama?

Dattijon Ƙofar Doka: Ka same ni bayan la'asar ranar Asabar, mu shiga cikin gari tare. Ka sa babbar riga.