Sufacaja a kan 86 don filin tsere: waɗanda suka gwada su faɗa mini gaskiya

Farar 86:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, amma don Allah daga waɗanda suka taɓa yi da hannunsu ko da aljihunsu. Motata Toyota 86 ce ta 2014, giyar hannu, ta ci kilomita 96,000, ko salansa ban taɓa canja mata ba. Sau bakwai na shiga filin tsere da ita. Ba gasa ba, irin ranakun nan da ake buɗe fili kowa ya zo da motarsa, a yi minti 20 a fito a huta. A kwana ba ni da ƙorafi, amma da mun fito miƙaƙƙiya sai kowa ya wuce ni kamar a tsaye nake. Ga kuma ramin nan na wajen juyi 4,000, inda injin ke yin laushi kamar an riƙe shi ta baya.

Abu uku kafin a amsa: turbo ba na so, na gama yanke wannan. E85, man nan mai yawan ethanol, ba na samun sa. Kuma da motar nake zuwa aiki. Sufacaja nake son sa mata, na'urar da ke dura wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Tambayata ɗaya ce: mai rotoci irin TVS na Eaton, wanda ke zuwa a kayan Edelbrock da Harrop, ko mai farfela irin Rotrex? Wanne ya fi jure zafi na minti 20 cur?

Totur Ƙasa:
Wa alaikumus salam. Sa turbo kawai ka huta. Sufacaja da bel yake jan ƙarfi daga karanshaf, ya ba ka da dama ya karɓe da hagu. Turbo kuwa hayaƙin da za ka zubar a banza shi yake ci.

Farar 86:
Malam, na ce ba na son turbo.

Ɗan Sifana:
Kowanne ka sa, in dai ka koma E85 zancen zafi ya ragu sosai. Ka dai canja injekta da famfon mai, don ya fi fetur shanyewa.

Kunkuru:
Bawan Allah ya ce ba ya son shayi, an kawo masa shayi. Ya ce babu madara, an ce ya ƙara madara. Saura wanda zai ce ya sayar da motar.

Giya Shida:
To ai ni abin da zan ce ke nan. Sayar da ita ka sayi GR86, samfurin da ya gaje ta. Lita 2.4, doki 228 daga kamfani, ramin da kake kuka da shi ya kusa cikewa, kuma babu wanda ya taɓa maka inji.

Tsohon Bakanike:
Yaro, bari in amsa abin da ka tambaya. Injin FA20 matsinsa 12.5:1 ne, ba a yi shi don a dura masa iska ba. Iskar da muke shaƙa nauyinta psi 14.7, in ka ƙara 7 ka kusa ƙara rabi ke nan a lissafi. To ita iska da an matse ta sai ta yi zafi, iska mai zafi a inji mai matsi irin wannan kuwa ita ke sa mai ya kama wuta kafin lokacinsa. Kwamfutar inji da ta ji haka sai ta ja wutar fulogi baya don ta kare kanta, shi ya sa za ka ji mota ta yi nauyi a zagaye na huɗu.

Mai rotoci yana ba ka ƙarfi tun daga ƙasa, ramin nan zai cike shi tsaf, kuma a hanyar zuwa aiki ya fi daɗi. Amma a kan inji yake zaune yana shan zafinsa, intakularsa, mai sanyaya iskar da aka matse, ta ruwa ce, in ruwan nan ya yi zafi ba ya hucewa da wuri. Mai farfela ƙarfinsa yana hawa ne tare da juyin inji, sai can sama da 7,000 yake cika. A ƙasa ba zai burge ka ba, amma konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya fi samun sauƙi, kuma a fili ai can sama kake zaune. Yana da mansa daban da ɗan lagiretonsa daban. Ni don fili, mai farfela zan zaɓa. Amma kafin duka, sa wa baƙin mai abin sanyaya.

Janwe:
Ɗan'uwa, ka zauna ka karanta wannan kafin ka taɓa aljihunka. Tawa ma mai lita 2 ce. Na sayi kayan sufacaja na hannu daga wani da ya rantse bai yi wata shida da su ba. Na kai wa wani mai saitin kwamfutar inji da ake ta yabo, ba zan kama suna ba. Ya dubi fulin da bel ke juya sufacaja da shi ya ce wannan na yara ne, ya sa mini ƙarami don iska ta ƙaru. Da sassafe ya hau da ita dayino, na'urar gwada ƙarfin inji, gari da sanyi, manyan fankoki biyu na busa mata a gaba, bonet a buɗe. Ja uku ya yi, kowanne bai kai rabin minti ba. Ya buga mini takarda mai lamba mai kyau. Wallahi har firem na sa ta.

Ranar fili, zagaye biyu na farko ina ihu ni kaɗai cikin hular kwano. Motocin da suka saba wuce ni, ni ke wuce su. A zagaye na biyar na ji totur ya fara yin nauyi, na duba agogon zafin baƙin mai na ga digiri 140. Na ce bari in ƙarasa wannan zagayen. Na fito, na huta, na koma. A shiga ta uku, na fito daga kwana a giya huɗu na take ƙasa, sai na ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ban gama tunanin ɗaga ƙafa ba sai ji na yi kwaram! Madubi ya cika da farin hayaƙi. Na zubar da mai a kan layi tun daga kwana har inda na tsaya, aka ɗaga jar tuta, aka tsayar da kowa kusan minti 40 ana zuba gari ana shara. Irin kallon da aka yi mini da aka shigo da ni a bayan motar ja, har yau ina ganin sa.

Da aka ɗaga ta, ramin da konrod ya yi a bulok hannuna na shiga. Na kira mai saiti, ya ce, "Ai ba ka ce fili za ka shiga da ita ba." Alhali abin da na fara faɗa masa ke nan tun ban zauna ba. Inshora suka nuna mini layin da ya ce ba ruwansu da filin tsere. Wata goma sha huɗu motar na ƙarƙashin tamfol. Konrod ɗin yana nan a kan teburina, ya lanƙwashe kamar ƙugiya.

Kunkuru:
Ashe sunan nan ba a banza ka samo shi ba. Allah ya mayar da alheri, amma firem ɗin fa, yana bango?

Janwe:
Madam ta cire takardar ta sa hoton yara.

Ɗan Sifana:
Oga Janwe, ka yi haƙuri, amma laifin ba na sufacaja ba ne. Ka ga 140 ka ci gaba da takawa? Ka sayi na hannu, ka sa ƙaramin fuli, babu abin sanyaya mai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Janwe:
Na yarda da rabona na laifi. Amma wa ya kamata ya faɗa mini saitin rabin minti ba saitin minti 20 ba ne? Ni ko wanda na biya?

Giya Shida:
Nawa abin ya ci maka gaba ɗaya?

Janwe:
Kaya, saiti, wani injin, kuloci, aiki sau biyu: ya haura kuɗin motar kanta.

Totur Ƙasa:
Haba, an dai cuce ka. Abokina duka-duka bai kashe kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motarsa ba, har da ɗaurawa.

Ɗan Sifana:
Kashi ɗaya cikin biyar? Sabo? Ko kwalin ba za a ba ka ba. Ni da na yi tambaya, kayan kaɗai sun kusa sulusin kuɗin motar, saiti daban.

Shuɗiyar BRZ:
Duk kuna lissafin abin da ke cikin kwali ne. Ni na yi, shekara uku yanzu, mai farfela, shiga fili fiye da ashirin, injin bai taɓa yi mini tari ba. Amma abin da na kashe a gefe ya yi daidai da kuɗin kayan: abin sanyaya baƙin mai, babban lagireto, bonet mai huda don zafi ya fita, sai kuloci da ya fara sulɓi a wata na huɗu. Fulin da ya zo da shi na bari, kuma na ce wa mai saiti ya rage mini doki goma ya bar mini inji. Na sa shi ya zo fili da kwamfutarsa ya duba bayan shiga ta biyu, lokacin da komai ya yi zafi. Duk safiyar fili ina leƙa gefen fuli, in na ga baƙin gari kamar toka na san bel yana zamewa. Abin da na samu daƙiƙa biyu ne a zagaye. Ban sani ba ko sun kai kuɗinsu, amma ƙarar nan tasa in ya hau sama tana wanke mini zuciya.

Hajiyar Kwana:
Ƙanena mai Farar 86, ba ka faɗi wace taya da wane birki ke kan motar ba. Motocin nan na farko da Michelin Primacy HP suka fito, 215/45 R17, irin wadda ake samu a kan Prius. In har ita ce a ƙafarka, daƙiƙa biyun da ake magana tana nan a taya. Sannan ka tuna duk gudun da ka ƙara birki ne zai biya. In kana isa ƙarshen miƙaƙƙiya a 180 ka koma 200, zafin da birki zai haɗiye ya ƙaru da aƙalla kashi 23 cikin ɗari, ba 11 ba. Man birki DOT 4 ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, in ya sha danshi ya shekara biyu a mota kuwa ya sauko nesa. Na taɓa taka birki ya tafi har ƙasa ba komai, ba na fatan maƙiyina ya ji wannan. Shiga bakwai ba ta da yawa. Ka samu mai koyarwa ya zauna gefenka rana ɗaya tukuna.

Totur Ƙasa:
Hajiya, da girmamawa, ya ce waɗanda suka taɓa sa sufacaja. Mazda MX-5 ɗinki mai doki 116 ko tsayawa ta yi ba a ganewa.

Hajiyar Kwana:
Kai da ka ba shi shawarar turbo, wanne ka taɓa sawa? Labarin abokinka muke ta ji.

Kunkuru:
A kawo ruwa, an yi gobara.

Giya Shida:
Ni dai na fi yarda da Baba Bakanike, shi ne ya buɗe injuna ya ga cikinsu.

Janwe:
Wanda ya kashe mini inji ma ya buɗe injuna. Baba, ba da kai nake ba, amma ka taɓa yin zagaye goma a jere da hular kwano a kanka?

Tsohon Bakanike:
Ban taɓa ba, bayana ba zai ɗauka ba. Amma duk wanda ya yi goman ya ƙare a janwe, wurina ake sauke shi.

Ɗan Sifana:
Wai ana ta tsorata mutum. Lotus fa tun 2006 ta sa sufacaja a kan injin Toyota mai lita 1.8 a Exige S, kuma motar fili ce.

Shuɗiyar BRZ:
Exige ba ta kai tan ɗaya ba, tamu ta haura kilo 1,200. Kuma kamfani ne ya zauna ya tsara sanyayawarta ya gwada, ba ja uku da fanka ba.

Hajiyar Kwana:
Tunda an taɓo MX-5 ɗina bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Mutum ya ƙara doki tamanin bai ƙara komai a hannunsa ba. A miƙaƙƙiya ya tafi kamar harsashi, a kwana ya tsaya yana lissafi, ina manne da bambarsa kwana biyar a jere. An faɗa a taron safe, in mota ta cika maka madubi ka nuna mata hannu ka ɗaga ƙafa. Sai ya nuna hannu, amma totur na ƙasa! Ta ina zan wuce?

Giya Shida:
Wallahi wannan ya fi komai ciwo. An ɗaga wa wani shuɗiyar tuta, ta ba na baya hanya, zagaye uku, da muka fito ya ce shi ya ɗauka gaishe shi ake yi.

Totur Ƙasa:
To in motarku ba ta gudu laifin wa? Kowa kuɗinsa ya biya ya shiga.

Janwe:
Laifin masu shirya ranar ne. Suna raba rukuni da abin da mutum ya rubuta a fom. Kowa ya rubuta "ƙwararre", babu mai dubawa. Ni ma na rubuta.

Shuɗiyar BRZ:
Kuma su cusa mota talatin a rukuni ɗaya. Minti 20 ɗin, goma a bayan wani kake yin su, iska mai zafi daga salansarsa tana shiga lagiretonka.

Farar 86:
Na gode duka. Hajiya, tayar kamfani ce har yanzu, man birki kuma ban tuna ranar da aka canja ba. Baba Bakanike, in na sa abin sanyaya mai yanzu, zai zauna tare da intakular mai farfela daga baya, ko sai an sake masa wuri?

Kunkuru:
Wai wanda aka ɗaga wa tutar nan, ba wata baƙar mota mai babban fiffike ba ce? In ita ce, ni ma na kwana a bayansa.

Totur Ƙasa:
Fiffiken me ya yi muku?