Rawar kalamatiyano: ina kuskuren ƙirgen yake, kuma da gaske daga Tisiyas ta samo asali?

Ɗan Autan Gwaggo:
Salamu alaikum. Tambaya biyu gare ni ga masana kiɗan Girkawa. A bidiyo, rawar sirto da ta kalamatiyano takunsu ɗaya ne a ido, amma in aka ɗauki takun sirto aka ɗora kan kiɗan kalamatiyano sai ƙafa ta riƙa yin latti. Me ke jawo haka? Sannan ana cewa rawar da'irar nan ita ce wadda Tisiyas, jarumin tatsuniyar Girkawa, ya yi bayan ya kashe dodon nan mai kan bijimi a tsibirin Kirit. Akwai hujja?

Malam Mai Garaya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Takun ɗaya ne, awon kiɗan ne ya bambanta. Dukansu dogon taku ɗaya ne da gajeru biyu, amma a sirto dogon ya ninka gajeren sau biyu cif, a kalamatiyano kuwa sau ɗaya da rabi ne kawai. Shi ya sa ake rubuta awon kalamatiyano 7/8, wato bugu 3, 2, 2. Ga dabara: ka riƙa faɗin "Katsina, Kano, Kano" kana ba kowace gaɓa tsawo ɗaya, kana sa ƙafa a farkon kowace kalma. Wannan shi ne kalamatiyano. Sirto kuwa "Malumfashi, Kano, Kano" ne. Gaɓa ɗayan nan da ta ƙaru ita ce lattin da kake ji.

Takun 12 ne, kashi huɗu, uku-uku, ana tafiya dama. Kashin farko: dama, hagu ta bayan dama, dama. Na biyu: hagu ta gaba, dama, hagu. Na uku ba a tafiya: dama, a jefa hagu gaba, a dawo da nauyi kan dama. Na huɗu a ja baya kaɗan da hagu, dama ta baya, a dawo kan hagu. Ƙafa ɗaya ba ta taka sau biyu a jere, kuma duk taku sai an sauke masa nauyin jiki. Masu koyo a kashi na uku suke rikicewa: sai su taɓa ƙasa da yatsu kawai ba su sauke nauyi ba, kashi na huɗu ya zo musu da ƙafar da ba ita ba.

Hannu a riƙe shi daidai kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe. Jagora da na biyu hankici ne tsakaninsu, don in jagora zai juya ko ya durƙusa kada ya murɗe wa ɗan'uwansa wuyan hannu. In busar kilarino, wani abin busa mai kama da algaita, ta ɗauke maka hankali da kwalliyarta, bi gangar dawuli.

Hajiya Uwar Ɗaki:
Malam ya gama da ƙafa, bari in taɓa tarihin. Labarin Tisiyas yana cikin rubutun Fulutak, marubucin Girka wanda ya rayu a ƙarni na 1 zuwa farkon na 2 miladiyya. Ya ce da Tisiyas ya baro Kirit da matasan Atina da ya ceto, sun yada zango a tsibirin Dilos, suka yi rawa suna zagaya wani bagadi da aka gina da ƙahoni, suna kwaikwayon kwane-kwanen gidan nan mai ɓatar da mutum inda dodon yake. Mutanen Dilos suna kiranta geranos, wato gauraka. Akwai kuma wata babbar tukunya ta wajen shekara ta 570 kafin miladiyya, tana gidan tarihi a birnin Filorens na Italiya, an zana Tisiyas da molonsa a gaba, samari da 'yan mata na biye riƙe da hannun juna.

To amma ka lura, ɗana: Fulutak siffar layin ya bayyana, bai faɗi taku ba, bai faɗi awon kiɗa ba. Kuma rawar da aka fi jingina wa labarin ba kalamatiyano ba ce, tsakoniko ce, ta yankin Liyonidiyo a gabashin Felofonis, kudancin Girka. Bugu 5 gare ta, ana sarƙe hannu kafaɗa na gogar kafaɗa, jagora ya nannaɗe layin kamar gammo sannan ya warware. Kamannin akwai shi, amma babu rubutun da ya bi sawun rawar daga wancan zamani zuwa yau. Abin da ya fi ƙarfi shi ne sunan sirto kansa: yana cikin wani rubutun dutse na ƙarni na 1 miladiyya a yankin Biyotiya na Girka, inda aka yabi wani attajiri da ya farfaɗo da rawar kakanni mai wannan suna.

Sarkin Kalangu:
Ƙari kaɗan, Hajiya, tunda bidiyo yake kallo. Sirtaki, wadda ake dafa kafaɗa kiɗan na ƙara sauri, ba ta cikin wannan lissafi. A 1964 aka shirya ta don fim ɗin Zorba, da kiɗan Mikis Tiyodorakis. Daga hasafiko aka ciro ta, rawar mahautan Kustantiniyya (Istanbul ta yau), su ma mahautan can da kiɗansu kamar namu. Awonta 4/4 ne ya koma 2/4, don haka "Katsina, Kano, Kano" ba zai hau kanta ba.