Fitilar da za ta tuna min na yanke mai

Mai Golf: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Na sa an yi wa Golf 3 ɗina ɓoyayyen makunni saboda ɓarayi, idan na danna sai famfon mai ya daina aiki. To ni da na sa aka yi, ni nake mantawa. Shekaranjiya da asuba na cika fasinja a Unguwa Uku, na yi ta kik har batir ya kwanta. Mutum huɗu suka sauko suka tura ni, ba ta ce uffan ba. Sai da gumi ya jiƙa min riga na tuna tun dare na yanke ta. Ina son ƙaramar fitila a dashbod da za ta nuna min. Yaya ake haɗa ta?

Direban Sharon: Wa alaikumus salam. Fasinjan sun san abin da ya faru?

Mai Golf: Ina! Sunkuyawa na yi kamar ina gyara takalmi na danna, na ce musu filogi ne.

Baban Gareji: Allah ya shirye ka. Kafin kowa ya ba ka shawara, faɗa mana yadda aka yi aikin. Wayar famfon aka yanke aka sa makunnin kai tsaye, ko an sa rile, wato makunnin nan da ƙaramar wuta ke sa shi ya kama ya ba babbar wuta hanya?

Mai Golf: Baba, an sa rile sabo, baƙi, mai ƙafa biyar. Wanda ya yi aikin ya ce makunnin ba zai iya ɗaukar wutar famfo ba, shi ya sa. Rilen motar na asali yana nan a akwatin fiyus, ba a taɓa shi ba.

Baban Gareji: To wannan ya san aikinsa. Ka zo da sauƙi.

Yaron Gareji: Oga ai abu ne mai sauƙi. A samu ƙwan fakin a haɗa shi a ƙafa biyun makunnin. In an yanke ya kama, in an mayar ya mutu. Minti goma an gama.

Mai Wayarin: Kai yaro, kada ka kuskura. Ni na taɓa yin wannan da hannuna, lokacin ina ganin na iya. Wani Alhaji ya kawo min mota, na sa masa ƙwan fakin mai wat 5 daidai yadda ka ce. Na yanke makunni, ƙwai ya ɗan yi ja kamar garwashi, na ce Alhaji gwada ka gani ba za ta tashi ba. Yana murɗa makulli mota ta tashi lafiya lau. Ya dube ni, na dube shi.

Abin da ya faru, wutar ta bi ta cikin ƙwan ta wuce zuwa koyil ɗin rile, wato naɗin wayar da ke sa rilen ya kama. Ƙwai mai zare yana barin wuta da yawa ta wuce, shi kuwa koyil abin da yake ci bai kai rubu'in amfiya ba. Sai rilen ya kama kamar ba a yanke komai ba. Wato fitilar ta zame wa ɓarawo gada. Da ban gwada a gabansa ba, da haka zai tafi yana ganin motarsa a kulle take.

Yaron Gareji: Allah ya huci zuciyar Oga. Na ɗauka.

Injiniya: Labarin Mai Wayarin gaskiya ne, amma laifin ƙwan ne. Da LED ya sa, wato ɗan ƙwan nan mai cin wuta kaɗan, da resista mai rage wuta, da hakan ba ta faru ba. Bari in yi lissafin a nan kowa ya gani. Batir mai lafiya in mota tana kashe yana kan bolt 12.6. In inji yana aiki altaneta na kai shi 13.8 zuwa 14.4. LED ja tana riƙe kusan bolt 2, kuma ba ta son fiye da miliamfiya 20. A cire 2 daga 14.4, saura 12.4. In ka sa resista 1k, miliamfiya 12 da ɗoriya za su wuce. Haske ya isa, kuma wannan 'yar wutar ba ta isa ta motsa rile ba. Wasu na sa 680 don haske ya ƙaru, amma resista mai rubu'in wat tana ɗaukar zafi a nan. Ni 1k nake sawa. Zanenta ruwan ƙasa, baƙi, ja.

Direban Sharon: Injiniya ka fara. Mu da ba mu je foli ba fa? Ni dai akwai LED ɗin da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa, da wayarsu ja da baƙa, an rubuta 12V. Su na sa a tawa, shekara biyu ke nan.

Injiniya: Su ma resistar na ciki, a ɓoye cikin robar. Babu laifi, sun fi sauƙi ma. A dai tabbatar an rubuta 12V ɗin, don in tsirararta ce aka jona wa batir, ƙyaftawa ɗaya za ta yi ta mutu. Kuma tana da gaba da baya. Doguwar ƙafa wajen wuta, gajeruwa wajen bodi, wato ƙarfen jikin mota.

Baban Gareji: Duk na ji ku. Amma ni ban yarda a kai fitila wajen makunnin ba sam, ko LED ce. Dalilina biyu. Na farko, ka ɓoye makunni, sannan ka ja masa waya daga dashbod har inda yake. Ɓarawon da ya san mota zai ɓalle fitilar ya bi wayar da yatsa, ta kai shi har gida. Na biyu, fitilar da ke kan makunni labarin makunni kawai take ba ka. In rilen ya ƙone ko ya manne, ita ba ruwanta, za ta ci gaba da ce maka lafiya.

Ɗana, juya rilen nan ka duba gindinsa, akwai lambobi. 85 da 86 na koyil ne, su makunninka yake yankewa. 30 nan wutar famfo take shigowa. 87 nan take fita zuwa famfo in rile ya kama. Ta tsakiyar, 87a, na tabbata a banza aka bar ta. To ita ce abokiyar aikinka. In rile bai kama ba, wutar da ta shigo ta 30 can take komawa. Ka sa ja a 87a, ka sa koriya a 87, kowacce da resistarta, ɗaya ƙafar su tafi bodi. Ja ta kama, mai a yanke yake. Koriya ta kama, wuta ta tafi famfo. Babu wadda ta kama, matsalar tana baya, ka duba fiyus ko rilen motar na asali. Ka ga fitila biyu sun zame maka testa.

Mai Wayarin: Baba ya gama magana. Akwai ma LED mai ƙafa uku, ja da kore a ƙwai ɗaya, huda ɗaya za ka yi. Ka ce a ba ka wadda ƙafar tsakiyarta ke zuwa bodi, don akwai mai akasin haka.

Injiniya: Abu ɗaya zan ƙara kada gobe ka zo ka ce ta lalace. Ƙwaƙwalwar mota ba ta barin famfo ya yi ta aiki in inji bai juya ba. Kana buɗe makulli za ta ba shi wuta daƙiƙa ɗaya ko biyu ta ɗauke, sai ka fara kik ta dawo da ita. An yi haka ne don in aka yi hatsari inji ya mutu, kada famfo ya yi ta feso fetur. Saboda haka fitilarka za ta kama ta mutu, ta sake kamawa lokacin kik. Jar ma haka. Ba za ta zauna a kunne cikin dare ba.

Mai Golf: Ai hakan ma ya fi min. Ba na son wani ya leƙo ta gilashi ya ga ja ya san akwai wani abu. Kuma ba za ta sha min batir ba.

Direban Sharon: Ni kuwa tawa mai ƙyafce-ƙyafce ce, da gangan na bar ta, ɓarawo ya gani ya wuce gaba.

Injiniya: Shan batir ba shi ne abin tsoro ba. Miliamfiya 10 dare da rana, a wata guda kusan 7Ah ne, batirinka kuwa ya kai 60. Mai fita kullum ba zai ji ba. Abin tsoron shi ne siririyar wayar da za ka ja daga rile. Fiyus ɗin famfo babba ne, rawaya mai 20 ko shuɗi mai 15. In siririyar waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ita za ta narke kafin fiyus ya ji. Ka sa resistar can daf da rilen, ba wajen fitilar ba, yadda ko wayar ta taɓa bodi 'yar wuta ce za ta wuce. In mai 12V ɗin ka saya, sa mata fiyus ƙarami, 1 ko 2, a bakin rilen. Famfo da koyil kuma suna turo wuta baya lokacin da aka yanke su, LED ba ta jure wannan. Dayod, wanda ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, mai lamba 1N4007, ɗaya a layin kowacce ya isa, zoben farin yana kallon fitila.

Hajiya mai Corolla: Sannunku da ƙoƙari. Ku gafarce ni in shigo da tawa. Motata otomatik ce, kwanaki ta riƙa ƙin tashi sai na girgiza giya. Wani mai gyara ya haɗe wasu wayoyi, yanzu tana tashi, amma ko a D take tashi take yi. Jiya saura ƙiris in daki ƙofar gida. Ni ma a sa min fitilar da za ta nuna min tana P?

Baban Gareji: Hajiya, ba fitila ce maganinki ba. Abin da ya haɗe ɗin shi ke hana kik aiki sai giya tana P ko N. Yana jikin giyabos, inda wayar giya take ɗaure. Sau da yawa ma bai mutu ba, gocewa ya yi ko datti ya shiga, a kwance a wanke a daidaita. In ya mutu a sa ɗan kwatano. Fitila za ta nuna miki, amma ran da yaro ya shiga ya murɗa makulli ba zai duba ta ba. A warware wayoyin nan yau, kada a kai gobe.

Hajiya mai Corolla: To Baba, na gode. Da yamma zan kai ta.

Mai Wayarin: Mai Golf, saura hannu. Cire kan batir na bodi kafin ka taɓa komai. A Golf waya ruwan ƙasa ita ce bodi, a Toyota fara mai layin baƙi, kada a rikita. Duk soket rawaya da ka gani ƙarƙashin sitiyari na jakar iska ne, ko testa kada ka kai wurin. Haɗi kuma a liƙe da dalma a sa robar da ake ƙonawa ta kama. Salatif da zafin Kano, wata uku ya saki ya bar maka danƙo.

Direban Sharon: A ina ma makunnin yake? In gwiwa na iya taɓa shi, canza masa wuri. In ya yanke kana tsakiyar obatekin a hanyar Zariya, inji ya mutu, sitiyari ya yi nauyi, birki ma bayan taku ɗaya ko biyu ya zama dutse.

Mai Golf: A zaure mai mutum ɗari da wani abu zan faɗi inda yake? Gwiwa dai ba ta kaiwa.

Mai Golf: Jama'a an haɗa. Na yanke na buɗe makulli, ja ta kama ta mutu. Na mayar, koriya ta kama, na ji famfo ya yi kukansa a baya. Na kuma gwada kik a yanke kamar yadda Mai Wayarin ya yi wa Alhaji, ba ta tashi ba. Sai dai koriyar da daddare tana dukan ido sosai.

Injiniya: Canza resistarta zuwa 2.2k. Ja, ja, ja.

Yaron Gareji: Oga in ba ka samu ba akwai guda biyu a aljihuna, ka biyo ta gareji bayan la'asar.